Burtalin Namun Daji: Daga Taigar Indiya Zuwa Dajin Kuyambana

Darasin wannan fitowa a kan namun daji yake, kuma tambaya ɗaya za mu bi har ƙarshe: idan ɗan zaki ko ɗan damisa ya girma, ina yake zuwa, kuma ta wace hanya?

Tambayar ta shafe mu. Kudu da mu, wajen Ɗansadau a ƙaramar hukumar Maru, akwai dajin Kuyambana, ɗaya daga cikin manyan dazuzzukan da aka keɓe wa namun daji a arewacin Najeriya. Za mu fara leƙawa Indiya, inda masana suka bi sawun irin wannan tafiya daki-daki. Daga nan sai mu dawo gida mu auna namu dajin da abin da muka koyo.

Damisa iri biyu

Kafin mu yi nisa, bari mu raba wasu dabbobi biyu da ake yawan haɗawa. Damisar da Bahaushe ya sani, wadda ake yi wa kirari da ƙi sabo, jikinta roɗi-roɗi ne. Tana hawa bishiya, tana son wuri mai duwatsu da koguna na ɓuya, irin yanayin duwatsun Kwatarkwashi da na Tsafe. Akwai kuma babbar 'yar'uwarta mai baƙin ratsi-ratsi a kan gashi ruwan goro, wadda muke gani a littafi da talabijin. Sunanta taiga. Babu taiga a dajin Afirka ko guda ɗaya, a nahiyar Asiya take zaune. Babban namijinta yana iya wuce kilo 200, wato nauyin buhun masara biyu.

Indiya ta fi kowace ƙasa yawan taiga. A shekarar 1973 gwamnatin ƙasar, a zamanin Firaminista Indira Gandhi, ta fara shirin kare taiga da gandun daji guda tara. Yanzu sun haura 50. Ƙidayar 2006 ta nuna taiga 1,411, ta 2022 kuma ta nuna kimanin 3,682. Yaya ake ƙirga dabbar da ba ta son a gan ta? Ana ɗaure kyamarori a jikin bishiyoyi, da zarar dabba ta gifta sai su ɗauki hoto da kansu. Ratsin kowace taiga daban yake da na sauran, kamar zanen yatsan mutum, don haka ba a ƙirga guda ɗaya sau biyu.

Wannan ƙaruwa abin murna ce, sai dai ta zo da matsalarta. 'Ya'ya suna ƙaruwa, gandun daji kuwa yana nan yadda aka shata shi.

Me ya sa ɗa yake barin gida?

Taiga tana ɗaukar ciki na wata uku da rabi, ta haifi 'ya'ya biyu zuwa huɗu. Suna tare da uwarsu har kusan shekara biyu, tana koya musu laɓe da kamu. Bayan nan kowa sai ya ci da kansa.

Mu yi ɗan lissafi. Babbar taiga tana buƙatar kama dabba mai girman barewa ko fiye kusan ɗaya kowane mako, wato wajen 50 a shekara. Kafin a cire 50 duk shekara ba tare da garke ya ƙare ba, masana sun ce sai dajin yana da irin waɗannan dabbobi kimanin 500. Dabbobi 500 kuwa suna son ciyawa da ruwa da fili mai yawa. Shi ya sa kowace taiga take da yankinta. A dajin Indiya mai yawan nama, murabba'in kilomita 20 yana iya isar mace, na namiji kuma ya ninka haka, ya haɗe yankunan mata biyu ko uku. A dajin Rasha mai sanyi, inda nama yake da ƙaranci, yankin taiga ɗaya yana kai ɗaruruwan murabba'in kilomita.

'Ya mace takan samu wuri kusa da uwarta. Ɗa namiji shi ne mai wahala, domin babban namijin da ke riƙe da yankin ba ya yarda wani ƙato ya zauna masa a ciki, ko da ɗansa ne.

A gidajenmu na manoma mun san irin wannan. Saurayi yana aiki a gandun mahaifinsa, a yanka masa gayauna. In ya yi aure iyali suka yi yawa, wata rana sai ya ware ya kafa nasa gida. Amma shi mutum ana yanka masa fili ne a sa masa albarka. Ɗan taiga kora ake yi masa.

Haka abin yake ga zaki, duk da shi a cikin dangi yake zaune. 'Ya'ya mata sukan tsaya tare da uwayensu. Maza kuwa, tsakanin shekara biyu zuwa huɗu ake fatattakar su. Sai wa da ƙane su haɗa kai su shiga yawo, har ranar da suka yi ƙarfin ƙwace wani dangi daga hannun tsohon zaki.

Yadda ake kama sabon wuri

Abu huɗu matashin namiji yake nema: abinci, ruwa, maɓoya, da mace. In ya samu uku ya rasa ɗaya, yakan ci gaba da tafiya.

Manomi yana shuka gamba a iyakar gonarsa don maƙwabci ya san inda zai tsaya. Taiga kuma da fitsari take shata iyaka. Tana fesa shi a jikin bishiya, ta karce ɓawon da farce, ta bar kashi a kan hanya, ta yi ruri da dare. Baƙo in ya shinshina ya ji warin sabo ne, ya san wurin da mai shi. Ko dai ya wuce, ko ya tsaya a gwabza. In kuwa warin ya tsufa ko babu shi sam, sai ya fara sa tasa alamar, yana zagayawa yana sabunta ta har wurin ya zama nasa.

Wannan lokaci na yawo shi ne mafi haɗari a rayuwarsa. Wasu suna mutuwa a faɗa, wasu mota ce take buge su, wasu su faɗa tarko ko rijiya, wasu kuma a sa musu guba saboda sun kama saniyar wani.

Tafiyar Walker

A jihar Maharashtra ta Indiya akwai wani ƙaramin gandun daji mai suna Tipeshwar, wanda bai kai murabba'in kilomita 150 ba. A watan Fabrairu 2019 masana daga cibiyar binciken namun daji ta Indiya suka sanya wa wani matashin taiga abin wuya mai na'ura, wadda take aika saƙon inda yake ta tauraron ɗan Adam. Lambarsa T1-C1, amma daga baya aka yi masa laƙabi da Walker, ma'ana Matafiyi.

A watan Yuni 2019 ya bar Tipeshwar. Ya ratsa gonaki, ya tsallake tituna da rafuka, ya shiga jihar Telangana ya sake fitowa. Da rana yakan kwanta a cikin duhuwa ko amfanin gona, da dare ya kama hanya. Abincinsa aladun daji ne da shanun da ya samu. A watan Disamba ya isa wani gandun dajin mai suna Dnyanganga, bayan tafiyar sama da kilomita 1,300. Da a miƙe ya tafi, tsakanin wuraren biyu bai kai kilomita 300 ba. Sauran duk kewaye-kewaye ne na neman inda zai bi ba a gan shi ba.

Lokacin da aka cire na'urar a watan Maris 2020, jimillar tafiyar da ta rubuta ta kai kimanin kilomita 3,000. Daga Gusau zuwa Sakkwato kilomita 200 ne da ɗan ɗoriya. Ke nan kamar ya je Sakkwato ya dawo sau bakwai a ƙafa.

A Dnyanganga ya samu abinci da ruwa da maɓoya. Abu na huɗu ne ya rasa, domin babu macen taiga a wurin. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Mu dawo gida

Dajin Kuyambana yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 2,600. Yana maƙwabtaka da gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari a jihar Kaduna, kogin Mariga ne ya raba su. Kamuku kimanin murabba'in kilomita 1,120 ne. An keɓe shi tun 1936 a ƙarƙashin En'e, ya zama gandun daji na ƙasa a 1999. Daga cikin dabbobin da aka rubuta a cikinsa akwai giwa, gwanki, kanki, mazo, gadu, gwaggon biri da jan biri, ga tsuntsaye sama da iri 170. A takarda dazuzzuka biyu ne a jihohi biyu. A wurin giwa kuwa daji ɗaya ne mai kogi a tsakiya. In aka haɗa su sun kai kimanin 3,700, sun fi Yankari ta jihar Bauchi, mai murabba'in kilomita 2,244.

To ina manyan dawa? A watan Janairu 2014 aka fitar da sakamakon wani bincike da Philipp Henschel na ƙungiyar Panthera ya jagoranta. Sun duba gandun daji 21 a Afirka ta Yamma, a huɗu kawai suka tabbatar da zaki: Niokolo-Koba a Senegal, dazuzzukan W da Arly da Pendjari da suka haɗa Nijar da Burkina Faso da Benin, sai Kainji da Yankari a Najeriya. Duka zakunan kimanin 400 ne, kuma kusan 350 suna W da Arly da Pendjari. Na Najeriya gaba ɗaya ba su kai 50 ba. Kuyambana da Kamuku ba sa cikin wuraren huɗu.

Ku lura da wani abu. Wurin da zakuna suka fi yawa shi ne inda gandun daji uku suke manne da juna, dabba tana fita daga wannan ta shiga wancan.

Yanzu ku ɗauko taswirar Najeriya. Ku ɗora yatsa ɗaya a Kainji, ɗaya a Yankari. Tsakaninsu ya fi kilomita 500. A tsakiyar za ku ga Kamuku da Kuyambana, sai Falgore a jihar Kano, sai Lame-Burra a jihar Bauchi. Suna jere kamar zangon fatake. Amma daga zango zuwa zango yanzu gonaki ne da garuruwa, ga babban titin Kaduna zuwa Kano, ga layin dogo. Matashin zakin da aka kora a Yankari zaɓi biyu gare shi: ya zauna ya yi ta faɗa da ubansa, ko ya fita ya faɗa cikin garken wani, inda ƙarshensa harbi ne ko guba.

Illar yankewar hanya

Idan dabbobi kaɗan suka maƙale a daji ɗaya, ba mai shiga ba mai fita, abu uku ne suke faruwa.

Na farko, uba ya riƙa haihuwa da 'yarsa, wa da ƙanwarsa, jini ɗaya ya yi ta zagayawa. Sai 'ya'ya su riƙa fitowa da rauni, haihuwa ta ragu, cuta ta riƙa kama su da sauƙi.

Na biyu, in annoba ko fari ko mafarauta suka ƙarar da na wuri ɗaya, babu wasu da za su zo daga wani dajin su maye gurbi.

Na uku shi ne abin da ya samu Walker. Ko namiji ɗaya ya yi ta maza ya ƙetare, in mace ba ta iya bin hanyar ba, zuri'a ba za ta kafu ba. Mata kuwa ba su cika yin doguwar tafiya mai haɗari kamar maza ba.

Burtali

Duk ɗan Wanke ya san burtali, hanyar da ake bari tsakanin gonaki don shanu su wuce zuwa makiyaya da mashaya. In burtali yana nan da faɗinsa, saniya ta wuce gero ya tsira. In aka nome shi, saniya ba ta fasa jin ƙishirwa, dole ta bi ta wani wuri, daga nan rigima take tashi. Abin da namun daji suke buƙata ke nan: zirin daji da aka bari tsakanin wannan gandu da wancan, ko bakin rafi mai itatuwa da ba a sare ba.

A Indiya akwai irin wannan burtali tsakanin gandun dajin Kanha da na Pench. Da aka zo faɗaɗa babban titi mai lamba 44 wanda ya ratsa yankin Pench, sai aka ɗaga shi sama a wasu wurare kamar gada, motoci a bisa, dabbobi a ƙasa. Kyamarori sun ɗauki hoton taiga da damisa da bareyi suna bi ta ƙarƙashi.

A Nepal kuma akwai burtalin Khata, wanda ya haɗa gandun Bardia da na Katarniaghat a Indiya. Mutanen ƙauyukan wurin ne suka sake raya itatuwansa, su ne kuma suke kula da shi, suna yankan ciyawa da ɗiban itace bisa tsari. Taigar Nepal ta tashi daga 121 a 2009 zuwa 355 a 2022.

In babu burtali, sai a ɗauka

Gandun Sariska na Indiya ba shi da hanya mai kyau zuwa wani daji. A 2005 aka tabbatar ɓarayin mafarauta sun ƙarar da taigarsa kaf, kuma babu wadda ta zo da ƙafarta. Sai a 2008 aka ɗauko wasu daga Ranthambore a jirgi mai saukar ungulu. Gandun Panna ma ya rasa nasa a 2009. Aka kawo mata biyu, aka kawo namiji ɗaya daga Pench. Bai daɗe ba ya fice ya nufi hanyar gida, ma'aikata suka yi kusan wata guda suna bin sa kafin su maido shi. A watan Afrilu 2010 aka haifi 'ya'yan farko a wurin.

Maƙwabtanmu na Nijar sun yi irin wannan da raƙumin dawa. A 1996 guda 49 kawai suka rage a duk Afirka ta Yamma, a yankin Kure kusa da Yamai. Da aka kula da su suka haura 600. Amma duk a wuri ɗaya suke, cuta ɗaya tana iya share su. Don haka a watan Nuwamba 2018 aka loda guda takwas a mota aka yi tafiyar kusan kilomita 800 da su zuwa Gadabeji a jihar Maraɗi, inda aka yi wajen shekara 50 ba a ga raƙumin dawa ba.

Wannan dabara tana aiki, amma tana cin kuɗi, tana son likitoci da motoci, kuma 'yan kaɗan ake iya ɗauka. Inda aka bar burtali, dabba da ƙafarta take zuwa, ba a biya ko kwabo ba.

Mutanen bakin hanya

Kada mu manta da mai gona da mai garke. Wanda giwa ta tattake masa dawa a dare ɗaya, ko zaki ya kama masa sa, ba zai saurari wa'azin kare dabbobi ba in babu abin da zai rage masa asara. Jihohin Indiya suna biyan diyya ga wanda taiga ta kashe masa dabba, domin kada ya rama da guba. A Yankari, ƙungiyar WCS tare da gwamnatin jihar Bauchi sun sanya wa wasu giwaye abin wuya mai na'ura, don a san inda suka nufa a sanar da ƙauyuka da wuri. Shinge mai ƙarfi na kwanan dabbobi ma yana rage ɓarna, tunda yawancin kamu da dare ake yin sa. Burtalin da mutanen gefensa ba su yarda da shi ba, ba ya daɗewa.

Namu rabon

Kowa a nan ya san halin da dajin Kuyambana yake ciki. 'Yan bindiga sun mayar da shi maɓoya, manomi ba ya iya zuwa gonarsa ta nesa, ma'aikacin gandun daji ba ya iya sintiri. Asarar rayuka da dukiyar mutane ita ce babba, ba a haɗa ta da komai. Amma ranar da zaman lafiya ya dawo, za a zauna a yanke shawarar inda za a noma, inda za a yi kiwo, inda za a yi titi da inda za a bari. Mu da muke aji yanzu muna cikin waɗanda za su yi wannan zama. Wanda ya san darasin nan zai tuna ya ce a bar bakin kogin Mariga da itatuwansa, kada a raba Kuyambana da Kamuku.

Kafin lokacin, ga abin da ya rage namu. Mu daina cinna wa daji wuta don neman gafiya ko zomo. Kada mu sayi ɗan biri ko ɗan barewa ko fatar damisa, domin mai saye shi yake tura mafarauci daji. In za a sari itace, a bar na bakin rafi.

Tambayoyin bita

1. Kawo bambanci biyu tsakanin damisa da taiga.
2. Waɗanne abubuwa huɗu matashin namiji yake nema kafin ya kama wuri?
3. Idan taiga ɗaya tana buƙatar dabbobi 500 a dajinta, nawa taiga 12 suke buƙata?
4. Me ya sa zakuna suka fi yawa a W da Arly da Pendjari fiye da Yankari?
5. Aikin gida: ku tambayi kaka ko wani dattijo a unguwarku sunayen namun dajin da ya sani a wannan yanki yana yaro, da waɗanda ya daina gani. Ku rubuto ku miƙa wa 'yan ƙungiyar jarida, za mu jera su a allo.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.